Gesa da Zambo: Sharhi kan Aron Adabin Keltawa cikin Wasannin Tebur

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1974 ne Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, wasan da ya haɗa tatsuniya da kwaikwayo. 'Yan wasa kan kewaye tebur, kowa ya ɗauki matsayin tauraro ɗaya, jagora yana warware zaren labari, ƙwayar ludo kuma tana yanke hukuncin nasara ko faɗuwa. Masu tsara irin wannan wasa sun sha ɗibar kaya daga adabin Keltawa, wato mutanen Ayilan da Wels da tsohuwar Gol. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa aron sunaye ba ya wadatarwa matuƙar dokokin wasan ba su ɗauki tunanin al'ummar da aka ara daga gare ta ba.

2.0 Abin da aka ara

Mu ɗauki misalin duruwid, wanda ya zama matsayin da ɗan wasa zai iya zaɓa a littafin Eldritch Wizardry na 1976. A can an mai da shi bokan daji mai rikiɗa zuwa dabba. Amma Yuliyas Kaisar, a littafinsa kan yaƙin Gol, ya bayyana duruwid a matsayin alƙali kuma malami, mai raba gardamar gado da iyaka, wanda kan shafe har shekara 20 yana haddace ilimi da ka. An ɗauke mutumin da aikinsa ke tsakiyar jama'a, an kai shi dokar daji.

Haka abin yake ga gesa. A wasan na 1974, gesa wani tsafi ne da matsafi ke jifan mutum da shi don tilasta masa wani aiki. A adabin Ayilan kuwa, gesa hani ne da ke rataye a wuyan jarumi ko sarki, kuma karya shi kan jawo ajali. Bugu da ƙari, tsoffin dokokin wasan suna ba tauraro maki ɗaya kan kowane tsabar zinariya da ya kwaso. Saboda haka komai sunan da aka laƙaba masa, abin da dokar ke koya wa ɗan wasa shi ne tara ganima.

3.0 Abin da aka bari

Labarin mutuwar Cú Chulainn ya isa hujja. An hana shi cin naman kare, domin sunansa na nufin karen Culann, an kuma hana shi ƙin abincin da aka yi masa tayi. Da wasu tsofaffin mata suka tare shi a hanya da gasasshen kare, sai ya rasa mafita: ya ci, ƙarfinsa ya ragu. Daga nan aka turo masu zambo suka roƙi mashinsa, da barazanar za su ɓata masa suna in ya hana. Da wannan mashi nasa Lugaid ya yi masa raunin ajali. Abin lura a nan shi ne, mutuncinsa ne ya kai shi ga halaka tun kafin makami ya taɓa shi.

Dokokin Ayilan na dauri sun tabbatar da wannan tunani, domin kowane ɗa yana da lóg n-enech, wato farashin fuska, diyyar da ake biya in an ci masa mutunci, kuma da shanu ake yawan ƙiyasta dukiya. Yaƙin da ke cikin Táin Bó Cúailnge ma kan bijimi ɗaya sarauniya Medb ta tayar da shi.

4.0 Hanyar gyara

Wasan King Arthur Pendragon na Greg Stafford, wanda kamfanin Chaosium ya buga a 1985, ya nuna cewa ana iya sa hali cikin doka. Ya jera halaye 13, kowanne da kishiyarsa, kamar karimci da rowa, kuma ƙwaya na iya tilasta wa tauraro bin halinsa ko da zai cutu. Gaskiya ne cewa ya fi dogara ga littafin Malory na 1485 fiye da labaran Wels, amma dabararsa ta dace da gesa. Mai tsara wasan Keltawa na iya ba kowane tauraro hani biyu masu iya karo da juna, ya sa farashin fuska ya zama ma'aunin ci gaba, ya kuma sa zambo ya rage shi kamar yadda sara ke rage jini.

Ana iya cewa ɗan wasa ba ya son a ɗaure masa hannu. Wannan ƙorafi yana da tushe, sai dai zaɓi tsakanin alkawura biyu ya fi zaɓi tsakanin takobi da gatari nauyi.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa dokar wasa ita kanta fassara ce, kuma ya kamata manazarta su auna ta da ma'aunin da suke auna kowace fassara. Tambayar da za a yi wa irin wannan wasa ita ce: me tauraro ke tsoron rasawa? In ransa ne kawai da jakar zinariyarsa, to, suna aka ara, an bar adabin a inda yake.