Kowane Fim Ya Zama Gagarabadau

Duba allon tallar duk wani sabon fim na Hollywood, za ka tarar da kalma biyu ko uku da aka tsinto daga bakin masu sharhi, an rangaɗa su da manyan baƙaƙe: "amazing", "stunning", "masterpiece". Fim ɗin da aka zuba basira a cikinsa da wanda aka harhaɗa don a kwashi kuɗin 'yan hutu, duk da kalmomi iri ɗaya ake koɗa su. Ni dai a ganina wannan yabon ya fi zagi illa ga sana'ar sharhi.

Kalmomin nan da nauyinsu aka san su a da. "Awesome" ta shiga Turanci tun ƙarshen ƙarni na 16, kuma abin da take nufi shi ne abu mai kwarjini, wanda ke sa gaban mutum ya faɗi. Matasan Amurka ne suka yayata ta a shekarun 1980, har ta kai yau ana kiran soyayyen dankali da ita. "Terrific" kuwa asalinta abin ban tsoro ne. Wannan bai dame ni ba, harshe ya gaji sauyi. Mu ma idan yaro ya ce waƙa ta kashe shi, ba wanda ke zuwa ta'aziyya.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin da mai sharhi, wanda aka biya ya kalla ya gaya mana abin da ya gani, ya koma kamar mai tallar maganin gargajiya a tasha, ƙulli ɗaya na basir, na shawara, na ciwon baya. Ka karanta sakin layi uku, ka fito ba ka san ko labarin ne ya riƙe shi ba, ko hasken hoton, ko yadda jaruma ta yi shiru a wurin da wata za ta ɓarke da kuka.

Su kansu Amurkawa abin ya ishe su. Jami'ar Lake Superior da ke jihar Michigan tana fitar da jerin kalmomin da ta ce a kore su duk shekara tun 1976. "Amazing" ta faɗa ciki a 2012, ta sake faɗawa a 2023, shekarar da "GOAT" ta zo kan gaba. Wannan taƙaitawa ce ta jimlar Turanci mai nufin wanda ya fi kowa a tarihi, laƙabin da ake dangantawa da Muhammad Ali, kuma mawaƙi LL Cool J ya sa wa kundinsa na 2000. Yanzu kowane wasa yana da irin waɗannan gwarazan fiye da ɗaya, ko da yake dai lissafin bai fita ba. Har kalmar ta iso mana: yaro a Kano zai rubuta ta ƙarƙashin hoton jarumin Kannywood, ko a jikinsa cewa a zahiri akuya ya kira shi da Turanci.

Korar kalma dai wasa ne, ba ta taɓa hana kowa faɗinta ba. Kuma ai ba yabon ne laifi ba. Maroƙi ma yabo yake yi, amma nagari yakan ambaci wani abu da gwanin nasa ya aikata, wanda ba za a iya ɗauka a liƙa wa maƙwabcinsa ba. Yabon allon talla kuwa, cire sunan fim ɗin ka sa wani, ba abin da zai canza.

Shi ya sa ƙirƙirarsa ba ta da wuya. A 2001 mujallar Newsweek ta bankaɗo cewa wani mai sharhi, David Manning, wanda yabonsa ke fitowa a tallar finafinan kamfanin Sony irin su A Knight's Tale da The Animal, babu shi a duniya. A sashen talla aka ƙirƙire shi, aka jingina shi ga wata ƙaramar jarida a jihar Connecticut. Ya yi watanni yana zuba yabo ba wanda ya lura, don maganarsa ba ta bambanta da ta masu rai ba. A 2005 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 1.5, duk wanda ya kalli finafinan a mayar masa da dala 5 a kan kowane tikiti.