Gahawar Tokyo: waɗanda ake yayi da waɗanda ake mantawa

Duk wanda ya nemi shagunan gahawa na Tokyo a waya, kusan sunaye ɗaya zai yi ta cin karo da su: Glitch, Koffee Mameya, Fuglen, Blue Bottle. Ba mu ce ba su cancanta ba. Ƙorafinmu shi ne yadda ake nuna kamar jiya-jiya gahawa mai kyau ta shigo birnin, alhali Japan ta daɗe da nata gidajen gahawa da ake kira kissaten, kuma su ne ke ƙarewa. A farkon shekarun 1980 sun haura 150,000 a faɗin ƙasar, yau ba su kai rabin haka ba.

Sababbin suna da abin yabo. Glitch, wanda aka buɗe a 2015 kusa da Jimbocho, unguwar masu sayar da tsofaffin littattafai, sama-sama yake gasa ƙwayar gahawa. Shi ya sa gahawar Habasha ke fitowa a can da ɗan tsami da ƙanshin 'ya'yan itace, har wanda ya saba da mai ɗaci ya ɗauka shayi aka ba shi. A Koffee Mameya da ke Omotesando kuwa, ma'aikata na sanye da farar riga irin ta likitoci, su yi maka tambayoyi kafin su zaɓa maka ƙwayar da ta dace. Akwai ilimi a wurin, amma a ganinmu ilimin kan danne hira. Mutum ya shiga shan gahawa, ya fito kamar an duba lafiyarsa.

Inda muka fi so mai karatu ya zauna shi ne Café de l'Ambre a Ginza. Ichiro Sekiguchi ya buɗe shi a 1948, bai kuma rabu da sana'ar ba har ya haura shekara ɗari. Ya rasu a 2018. Gahawa kaɗai ake sayarwa, babu abinci. Ana ajiye ɗanyar ƙwaya shekaru, wata ma sama da goma, kafin a gasa ta, abin da masu sabon yayi ke ɗauka ɓarna ce. Sannan a tace ta da ƙyalle mai kauri, ana zuba ruwan zafi ɗigo-ɗigo, mai haɗawa bai ɗaga kai ba sai ya gama. Abin da ke isowa gabanka ɗan kofi ne mai duhu da kauri, ɗacinsa ba ya kartar harshe. Mai gaggawa ba zai ji daɗin wurin ba, kuma ba don shi aka yi ba.

Abin dariyar shi ne, da Blue Bottle ta Amurka ta buɗe shagonta na farko a Japan a unguwar Kiyosumi-Shirakawa a 2015, mutane sun yi layi na awanni. Alhali wanda ya kafa ta, James Freeman, bai ɓoye ba cewa kissaten irin su Chatei Hatou na Shibuya ne suka burge shi tun farko. Wato 'yan Tokyo sun yi layi don sayen abin gidansu da ya je ƙetare ya dawo da sabon tambari.

Mai kwana ɗaya a birnin ya leƙa Glitch, ba laifi, amma ya ware yammacinsa ga l'Ambre ko Chatei Hatou, kada ya ce sai wata tafiyar. Daibo, wanda masana gahawa da yawa ke sa shi a sahun farko, ya rufe a Disamba 2013 bayan shekara 38, saboda za a rushe ginin da yake ciki.