Idon Baƙo da Tunanin Ɗan Gari: Nazari a kan Zaman Baƙunci na Masu Zane, da Misali daga Abakwa

1.0 Gabatarwa

A wannan takarda muna so mu yi tsokaci a kan wata al'ada da ta yaɗu tsakanin masu fasahar zane na zamani, watau a gayyaci mai zane ya zauna a wani gari na 'yan makonni ko watanni, a ba shi masauki da ɗakin aiki, shi kuma ya fitar da aiki daga abin da ya gani. Mun kira wannan zaman baƙunci. Sanannun gidajen da ake yin sa a wannan yanki namu suna kudu ne ko bakin teku. Akwai taron hunturu da Bruce Onobrakpeya ya fara a Agbarha-Otor a 1998, da Black Rock da Kehinde Wiley ya buɗe a Dakar a 2019, da gidan G.A.S. na Yinka Shonibare da aka buɗe a Legas a 2022. Kusan duk wanda ya fito daga irin wannan zama yakan ce ya zana rayuwar yau da kullum ta birni tare da abin da mutanen wurin suke tunawa. Ra'ayinmu shi ne, abubuwan nan biyu ba ɗaya ba ne, kuma na farkon yana yawan shiga rigar na biyun. Za mu auna wannan magana da unguwar Abakwa ta Kaduna.

2.0 Abin da ido yake gani

Bari mu ɗauka an sauki wani mai zane a Abakwa na wata uku. Tun a makon farko zai cika littafinsa: mai shayi da teburinsa, 'yan Keke Napep, kwanon rufi da ya yi tsatsa, yara 'yan makarantar allo, tukubar mai tsire da magariba. Duk wannan gaskiya ne, kuma yana da kyau a kan allo. Amma da za a ɗauke sunan unguwar daga ƙasan zanen, a rubuta Tudun Wada ko Fagge, babu wanda zai yi gardama. Nan ne matsalar take.

Ba yau aka fara wannan ba. Ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Onobrakpeya, sun yi kira a haɗa gadon gida da dabarar Turai. To amma gadon da mafi yawansu suka koma wa na garuruwansu ne na kudu, kamar zanen uli na ƙasar Ibo da Okeke ya rungume. Ba laifi ba ne, kowa ya koma inda tunaninsa yake. Sai dai abin da ya rage wa Arewa a kasuwar zane daga baya shi ne mahayin doki a hawan salla da 'yar Fulani mai tallan nono. Waɗannan biyu an zana su har sun gaji.

Ko a ayyukan Williams Chechet, wanda ya tashi a Kaduna, muna ganin wani ɓangare na wannan. Jerin ayyukansa mai suna We Are the North ya ɗauko fuskokin mutanen Arewa ya ɗora su a kan launuka masu haske, ya ba su kwarjinin da ake ba taurari. Mun yaba da wannan ƙwarai, domin ya mayar da talaka abin kallo da girmamawa. Amma fuskar takan fito ba tare da unguwarta ba. An sami mutum, an rasa wuri.

3.0 Abin da ido ba ya gani

Tunanin gari yana zaune ne a cikin abin da ya ɓace, shi ya sa baƙo ba ya ganinsa sai an nuna masa. Kaduna gari ne da aka mayar hedkwatar Arewa a 1917, sojoji da ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwa suka cika shi. Sunan Abakwa kansa yana ɗauke da wannan tarihi, domin ana samun sa a Inugu da Abakaliki, har da Bamenda ta Kamaru, a wuraren da baƙi, musamman Hausawa, suka yi zango. Ta Kaduna kuwa tana maƙwabtaka da tsohuwar makarantar horon hafsoshin soja da aka kafa a 1964. Unguwa ce ta haɗuwar ƙabilu tun asali.

Sa'an nan aka yi rikicin Fabrairun 2000, aka sake wani a 2002. Bayan haka jama'a suka yi ta ƙaura, Kiristoci da yawa suka tsallaka kudancin kogi, Musulmi da yawa suka dawo arewacinsa. Wannan shi ne babban abin da garin Kaduna yake tunawa, kuma ba shi da siffar da za a zauna a bakin titi a zana. Yana cikin gidan da har yanzu ake kira da sunan wanda ya sayar da shi ya tafi. Yana cikin maganar dattijuwa da take lissafa maƙwabtan da suke aiko mata da abincin Kirsimeti, ita kuma ta aika musu da naman layya. Mai zanen da bai zauna a zaure ya saurara ba, zai zana bangon gidan daidai, ya rasa abin da ya sa mutane suke yin shiru in sun zo wucewa.

Haka nan Otal ɗin Durbar, wanda aka gina domin hawan dawaki na bikin FESTAC a 1977, aka rushe shi a 2020. Baƙo zai ga fili. Ɗan gari zai ga bene.

4.0 Hanyoyi biyu da suka fi dacewa

Akwai masu fasaha da suka tsallake wannan rami, kuma yana da amfani mu duba yadda suka yi. Emeka Ogboh ya daɗe yana naɗar sautin Legas, musamman kiran kwandastocin motocin danfo, kafin ya yi zaman baƙunci a Balin ta Jamus a 2014. Abin da ya tafi da shi can ya riga ya zauna a kunnensa shekaru. Zaman baƙuncin bai ba shi tunani ba, nisa ya ba shi, nisan kuwa ya sa ya ji abin da saba ta hana shi ji. Ita kuma Fati Abubakar, da ta fara ɗaukar hotunan Maiduguri a 2015 da sunan Bits of Borno, ba baƙuwa ba ce ko kaɗan. Ta ɗauki biki da kasuwa da 'yan makaranta a lokacin da duniya ba ta san komai game da garin ba sai bam, kuma ta san abin da za ta bari a waje domin ta san abin da ake faɗa a kan mutanenta.

Ba muna cewa a rufe ƙofa ga baƙo ba. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, amma raɓa ma tana jiƙa shuka, kuma sau da yawa baƙo yakan lura da abin da ɗan gari ya daina gani. Abin da muke nema ga duk wanda zai shirya irin wannan zama a Kaduna shi ne, a haɗa baƙon da ɗan unguwa mai zane, ko da mai rubuta allon shago ne ko mai fentin bayan manyan motoci, su yi aiki tare da suna biyu. Kuma kafin a kai aikin Abuja ko Legas, a fara rataye shi a makarantar firamare ta unguwar, ranar Asabar, a kira mai unguwa da matan da aka zana ƙofar gidajensu su zo su gani.