Kama da Wane Ba Ta Wane: Sharhi a Kan Da'awar Cewa Masa Daga Indiya Ta Zo

Abin da ya jawo wannan sharhi shi ne wani kundin digiri na biyu da aka aiko mini in duba, wanda ya yi nazarin abincin gargajiya a ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi. Ba zan ambaci mai kundin ko jami'arsa ba, domin ba shi kaɗai ne mai wannan ra'ayi ba. Na sha jin irinsa a bakin 'yan boko, har da waɗanda ke koyarwa. A babi na huɗu ya bayyana cewa masa ba abincin Bahaushe ba ce tun fil'azal, wai daga kudancin Indiya ta zo mana. Ya kafa hujja da abubuwa uku: kamannin masa da wani abincin Indiyawa, da kamannin kalmar masa da kalmar masala, da kuma cuɗanyar Hausawa da Indiyawa ta hanyar finafinai da malaman makaranta. Da yake irin wannan magana, in ta shiga kundi aka sa mata hannu, gobe wani ɗalibi zai ɗauko ta a matsayin tabbataccen abu, na ga ya dace a tattauna ta a fili.

Adalci shi ne a fara da inda yake da gaskiya. Kamannin yana nan, kuma ni kaina na taɓa ganinsa har ya ba ni mamaki. A shekarun baya wani abokin aiki ya kai ni wani gidan cin abinci na Indiyawa a Kano, inda ake dafa abincin mutanen kudu, irin wanda masu gidajen abinci na garin Udupi a jihar Karnataka suka yaɗa a duniya, wato wanda ba a sa masa nama. Aka fara kawo dosa, wani fallen ƙullin shinkafa da aka shimfiɗa siriri a kan faffaɗan kasko har ya yi ƙaras-ƙaras, aka naɗe shi da dankali a ciki. Aka kawo idli, fari fat, mai laushi, wanda turarawa ake yi kamar alkubus. Aka kawo vada, wanda duk Bahaushen da ya gutsura zai ce ƙosai ne aka huda masa tsakiya. Mahaɗinsu wata miya ce mai ruwa-ruwa da ake kira sambar, tana da tsamiya a ciki, sai kuma markaɗaɗɗiyar kwakwa da barkono. Duk wannan bai ɗaga mini hankali ba sai da aka ajiye wasu 'yan dunƙule-dunƙule masu ja a baya da fari a ciki, masu ɗan tsami, aka ce sunansu paniyaram. Na roƙi a nuna mini abin da aka toya su. Da aka kawo, sai ga tanda, da gurabenta a jere, illa dai ta ƙarfe ce kuma guraben sun fi namu ƙanƙanta. Akwai kuma uttapam, mai kauri da albasa a sama, wanda in aka sa shi a faranti ɗaya da sinasir sai an ɗanɗana kafin a bambance. Saboda haka ba na zargin ɗalibin nan don ya yi mamaki. Abin da nake zarginsa da shi shi ne ya mayar da mamaki hujja.

Da ya tsaya ya dubi ƙullin, da ya ga inda hanya ta rabu. Ƙullin idli da dosa da paniyaram ba shinkafa ce zalla ba. Ana haɗa ta da wani ɗan wake mai baƙar fata da suke kira urad, galibi kashi 1 na wake ga kashi 3 ko 4 na shinkafa, a ƙara 'yar hulba, a jiƙa kowanne dabam, a markaɗa, a haɗa, a bar shi ya kwana. Wannan wake shi ne ƙashin bayan abin, domin shi ne yake ba ƙullin yauƙin da ke riƙe iska har ya kumbura. Ita kuwa masa babu wake a cikinta ko ƙwaya ɗaya. Mai masa takan jiƙa shinkafar tuwo, ta zuba dafaffiya kaɗan ko ta yi talge ta haɗa, don a sami danƙo. Tashin ƙullin kuwa, a da daga ragowar tsohon ƙulli ko nono yake zuwa, yanzu kuma daga yis. In gari ya waye sai ta sa ruwan kanwa don ta kashe tsamin da ya yi yawa. Wato matsala ɗaya ce aka fuskanta, ta yadda garin da ba shi da danƙon alkama zai kumbura, amma kowa da maganin da ya samo mata. Da aro aka yi, da mun ga alamar waken nan, ko da an musanya shi da namu, tunda ba wake muka rasa ba.

Tandar ma ba ta isa shaida ba. Mutanen Denmark suna da kasko mai gurabe da suke toya wata waina tasu, haka mutanen Holan, haka Japanawa, haka mutanen Tailan. Duk wanda yake da ƙulli mai ruwa kuma yana son ya toya shi dunƙule da ɗan mai kaɗan, to, sai ya yi masa gurbi. In ma akwai inda ya cancanci a nemi sawun Indiya a Afirka, to, gaɓar tekun Afirka ta Gabas ce, inda Suwahilawa suke toya vitumbua da shinkafa da kwakwa, kuma inda jiragen ruwa suka daɗe suna kai da komo tsakanin ɓangarorin biyu. Kundin bai ko ambaci wannan ba, balle ya nuna yadda abin zai ratso daga can ya iso ƙasar Katsina.

Hujja ta biyu ita ce ta fi ba ni takaici, domin a sashen nazarin harshe aka rubuta ta. Kalmar masala ba ta nufin waina ko ƙulli. Kayan yaji da na ƙanshi take nufi. Kuma ba ma daga harsunan kudancin Indiya ta fito ba. Hindi da Urdu sun same ta ne ta hanyar Farisanci daga Larabci, daga saiwar nan mai baƙaƙe uku da ta ba mu sulhu da maslaha, wato abin da ke gyara abu. Ke nan in ana neman 'yar'uwar masala a Hausa, maslaha ce, ba masa ba. In kuwa kamannin sauti kaɗai ya wadatar, ai Sifaniyanci ya fi cancanta, domin a cikinsa masa na nufin kwaɓaɓɓen gari, kuma babu ko harafi ɗaya da ya bambanta. Amma mun koya wa ɗalibai tun ajin farko cewa ba a tabbatar da aron kalma sai an nuna hanyar da ta biyo, da lokacin da ta shigo, da dalilin duk wani sauyin sauti. Ina gaɓar ƙarshe ta masala ta tafi? Kundin bai ce komai ba. Na fahimci abin da ke rinjayar mutane a nan. Bahaushe yana kallon fim ɗin Indiya ya ji an ce duniya, ya ji kalam, ya ji khabar, sai ya ɗauka 'yan'uwantaka ce ta jini, alhali kuwa rijiya ɗaya muka ɗeba mu da su, wato Larabci.

Sai batun lokaci, wanda shi kaɗai ya isa ya rushe ginin. Ƙamus ɗin Bargery, wanda aka buga a 1934, yana ɗauke da masa da waina a matsayin kalmomin da suka riga suka zauna daram. Gidan silima na Rex a Kano kuwa sai a 1937 aka buɗe shi, kuma finafinan Indiya ba su fara yawaita a Arewa ba sai daga shekarun 1950, lokacin da Kwarori masu gidajen silima suka shiga kawo su. Malaman makaranta Indiyawa, waɗanda da yawa daga cikinsu mutanen Kerala ne da sauran jihohin kudu, sun cika makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai ne a shekarun 1970 zuwa tsakiyar 1980, sannan suka yi ta komawa da darajar Naira ta faɗi. Lissafi da kimiyya suka koyar, kuma muna gode musu. Amma ban ga yadda malamin da ke zaune a gidajen ma'aikata na makaranta zai koya wa tsohuwar da ke cikin lungu abin da ta gada a wurin kakarta ba. Daɗin daɗawa, ana toya masa da wannan suna a arewacin Gana da Burkina Faso, galibi da gero, a wuraren da fataken Hausawa da na Wangarawa suka daɗe suna bi.

Akwai wani kuskuren da ya ratsa babin gaba ɗaya, wato ɗaukar Indiya a matsayin gari guda. Indiyar da iyayenmu suka sani a silima ta Bombay ce, mai magana da Hindi. 'Yan kasuwar da suka kafa kantuna irin na Chellaram kuwa mutanen Sindh ne, can arewa maso yamma. Masu dosa da idli mutanen kudu ne, masu Tamil da Telugu da Kannada da Malayalam, harsunan da ba dangi ɗaya suke da Hindi ba. Finafinansu ba su zama ruwan dare a ƙasar Hausa ba sai bayan 2010, da aka shiga fassara su a Kano ana kiransu Indiya-Hausa. Su kansu Indiyawan ba su gama daidaitawa a kan asalin idli ba. Masanin tarihin abincinsu, K. T. Achaya, ya nuna cewa an ambaci wani abu mai kama da wannan suna a wani littafin Kannada na wajen shekarar 920, amma yana ganin dabarar turara shi yadda ake yi a yau mai yiwuwa daga Indunusiya ta zo. Mai abu yana taka-tsantsan, mu kuma muna yanke hukunci a shafi huɗu.

Abin ban haushi shi ne akwai dangantaka ta gaskiya tsakanin tukunyarmu da tasu, wadda masu binciken tsirrai da na tone-tonen ƙasa suka tabbatar, kuma ta fi wadda aka ƙaga daɗin ji. Gero a nan yankin Sahel aka fara noma shi. An sami burbushinsa a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali wanda ya kai shekara 4,500, kuma ya isa Indiya tun fiye da shekara 3,500 da suka wuce. Dawa da wake su ma daga Afirka suka tafi can. Tamba, wadda asalinta tsaunukan Afirka ta Gabas ne, ita ce ragi a Karnataka, inda ake tuƙa ta a mulmula a haɗiye da miya ba tare da an tauna ba, kamar dai yadda muke yi wa tuwo. Tsamiyar da ke cikin sambar itaciyar Afirka ce, ko da yake Larabawa sun kira ta tamar hindi, wato dabinon Indiya, har sunan ya bi ta zuwa harsunan Turai. Ga misalin yadda suna ke ɓatar da mai neman asali. Zogale kuwa daga wajensu ya zo mana: mu muna kwaɗa ganyen, su kuma sun fi yanka ɗanyen kwanson su jefa a miya. Sai dai ina jan kunnen duk wanda zai karanta wannan ya juya maganar ya ce to ai Indiyawa ne suka ari masa a wurinmu. Hatsi ya yi tafiya, wannan an tabbatar. Ba a tabbatar da cewa tanda ta bi shi ba.

Babbar hasarar kundin dai ba Indiya ba ce, Dutsin-Ma ce da Kurfi. An ɓata shafi huɗu a kan ƙasar da marubucin bai taɓa zuwa ba, aka ba yadda ake haɗa ƙulli layi biyu. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011, garin ya cika da ɗalibai da ma'aikata, kuma sana'ar masa ta sauya a kan idonmu. Inji ya karɓi aikin dutsen niƙa, yis da hodar kumburi sun kori tsohon ƙulli, tandar ƙarfe tana ture ta ƙasa, masar shinkafa tana danne ta gero da ta masara, man gyaɗa ma ba kullum ne na gyaɗa ba. Da kowane sauyi akwai kalmar da ke mutuwa. Ko bambancin masa da waina kundin bai warware ba: ya ce abu ɗaya ne, Kanawa ke cewa waina. To, amma muna cewa wainar ƙwai da wainar rogo da wainar fulawa, ba na jin wani yana cewa masar ƙwai, wanda ke nuna cewa waina ta fi faɗin ma'ana. Wannan ai shi ne aikin mai nazarin harshe.

Da zan mayar da kundin na bi ta Kurfi a kan hanyata daga Katsina, na tsaya wurin wata dattijuwa mai toya masa a bakin hanya. Ina jira tana juyawa, na ce, "Inna, me ya sa har yanzu ba ki koma tandar ƙarfe ba?" Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Malam, ta ƙarfe gaggawa gare ta, sai ta ƙona baya ciki bai nuna ba. Ta ƙasa kuwa sai an yi mata horo da mai kafin ta karɓi ƙulli, amma in ta karɓa, ta karɓa ke nan." Na rubuta kalmar horo a bayan kundin, na ja mata layi, na ƙara da tambayoyin da nake son ɗalibin ya komo da amsarsu daga kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma: su wane ne ke gina tandar ƙasa yanzu, a wane ƙauye, gurbi nawa suke yi mata, kuma me ake kiran ƙullin da ya wuce lokacinsa ya faɗi.