4.3 Tarken Littattafan Jagora na PyAutoGUI da AutoHotkey Dangane da Haruffa Masu Ƙugiya

A sashen da ya gabata an bayyana cewa wakilin ƙirƙirarriyar basira manhaja ce da ake bai wa aiki, ta riƙa motsa linzamin kwamfuta tana danna maɓallai kamar yadda mai buga takardu yake yi. Wannan sashe kuwa zai auna littattafan jagora na manhajoji biyu da irin wannan wakili kan yi aiki da su, wato PyAutoGUI da AutoHotkey. Ma'aunin da aka ɗauka shi ne: shin littafin ya faɗi iyakar kowane umarni, kuma ya faɗi abin da zai faru idan umarnin ya gaza? Dalili kuwa, ɗan'adam kan tambayi na gaba da shi idan ya rikice, amma wakili ya fi dogara ga abin da aka rubuta.

An zaɓi haruffan ɓ da ɗ da ƙ a matsayin zakaran gwajin dafi saboda yanayin wurin da aka keɓe wa wannan bincike. A Ƙaura Namoda akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya wadda aka kafa a 1983, kuma ɗalibai da sauran jama'a kan kai aikinsu shagunan buga takardu. Duk wakilin da za a ɗora wa irin wannan aiki, dole ya ci karo da sunayen mutane da na garuruwa masu waɗannan haruffa.

4.3.1 PyAutoGUI

Al Sweigart ne ya samar da wannan manhaja, kuma gwajin OSWorld na 2024, mai ayyuka 369, ya bai wa wakilai damar sarrafa kwamfuta da umarninta. Littafinta gajere ne mai sauƙin bi. Ya kuma yi abin a yaba wajen bayyana hanyar tsayar da aiki cikin gaggawa, wato a ja linzami zuwa kusurwar allo.

Sai dai kuma akwai babban giɓi. Shafin da ya yi bayanin umarnin write ya nuna cewa umarnin yana buga haruffan da aka ba shi, ya kuma kawo jerin sunayen maɓallai, amma bai gargaɗi mai karatu game da harafin da ba ya cikin jerin ba. Abin da ke faruwa a kan Windows shi ne, manhajar takan tsallake harafin ta wuce, ba tare da wata sanarwar kuskure ba. Ke nan idan aka ba ta Shinkafi da Zurmi, za su fito daidai. Idan kuwa aka ba ta Ƙaura Namoda, abin da zai fito shi ne "aura Namoda", sunan gari ya koma zancen aure. Mai buga takardu Bahaushe zai gane wannan nan take. Wakili kuwa, tun da ba a ba shi dalilin zargi ba, yana iya kai rahoton cewa aiki ya kammala. Dabarar da masu amfani suka saba bi, wato kwafo rubutun a manna shi, ba a wannan shafin ake samunta ba.

4.3.2 AutoHotkey

Chris Mallett ne ya fito da wannan manhaja a 2003. Littafinta ya fi na farko tsari, domin shafukan umarni kan zo da bayanin abin da ake ba umarnin, da ƙarin haske, da misalai. Shafin umarnin Send ya nuna yadda ake tura harafi ta lambarsa ta Unicode. Saboda haka wakilin da ya san cewa lambar ƙ ita ce 0199, ta ɗ 0257, ta ɓ kuma 0253, zai iya buga su ba tangarɗa.

Rauninta ya taso ne daga wani wuri daban. Siga ta 2 da ta fito a watan Disamba na 2022 ta sauya ƙa'idojin rubuta umarni, har wanda aka rubuta da siga ta 1 ba lallai ya yi aiki a kanta ba. An tanadi shafi na musamman da ya jera sauye-sauyen, amma tsofaffin misalai na kusan shekara ashirin suna nan barbaje a intanet, kuma wakili yana iya cakuɗa su da sababbi.

4.3.3 Naɗewa

Idan aka kwatanta biyun, za a ga cewa AutoHotkey ta fi cika ma'aunin da aka gindaya. Cakuɗa sigogi yawanci kan jawo sanarwar kuskure, wadda wakili zai gani ya gyara. Kuskuren PyAutoGUI kuwa shiru yake yi, sai takarda ta isa hannun mai ita kafin a ankara. Don haka wannan bincike yana ganin ya kamata shafin write ya bayyana ƙarara cewa ba ya buga haruffan da ke wajen jerinsa, kuma duk shagon da zai ɗora wa wakili aikin Hausa ya fara gwada shi da kalma mai ƙugiya.