Mai Bin Sawun Ruwa

Jirgin ruwa mai tafiya da iska ma yana da injin dizal a cikinsa, galibi Yanmar na Japan ko Volvo Penta na Suwidin, saboda shiga tasha da fita, ko ranar da iska ta ɗauke. Sai dai wannan inji ba shi da lagireto irin na mota. Ruwan teku yake zuƙa ta wata kafa a ƙasan jirgi, ya sanyaya ruwan daɗin da ke zagaya inji, sannan ya tofar ta salansa.

Shi ya sa in allurar zafi ta haura wajen digiri 80 da ta saba tsayawa, gwanin bakanike ba ya rawar jikin ɗauko sifana. Bayan jirgi yake leƙawa, ya kasa kunne. In ya ji kukan salansa ya bushe, hayaƙi ne tsura ba feshin ruwa, to ruwan teku ya yanke. Sai ya kashe inji, ya ɗaga ƙyallen iska, jirgi na tafiya shi yana aiki.

Sawun ruwan yake bi tun daga mashiga. Ya rufe kafar, ya buɗe rariya, ko leda ce ko ciyawar teku ta toshe. In fes take, sai famfo. A cikinsa akwai 'yar farfelar roba wadda ruwa ne kawai ke hana ta ƙonewa. In ta juya a bushe, nan da nan fika-fikanta su kakkarye.

A nan ne mutumin ke burge ni. Yakan ɗora tsohuwar farfela a tafin hannu ya ƙirga fika-fikanta: shida ne, biyar suka rage. Wani da sai ya sa sabuwa ya kakkaɓe hannu. Shi kuwa sai ya kwance tiyo, ya bi har bakin siraran bututun da ruwan biyu ke musayar zafi, ya zaƙulo guntun robar nan baƙa, don ya san in ya bar ta gobe ma inji zai ɗau zafi.

In kuma ruwa na fita amma zafin bai sauka ba, ya taɓa fanbel ko ya saki, ya duba tamostat, da gwiwar salansa da gishiri da baƙin hayaƙi kan cushe. Murfin ruwan inji kuwa ba ya taɓa shi sai ya huce.

Sabuwar farfela, ya shafa mata ɗan sabulun wanke-wanke, ya zura, ya ɗaure murfin famfo. Ya buɗe kafar ruwa, ya tada inji, ya koma baya ya zuba wa salansa ido har ya ga ruwa ya feso.