3.4 Kalmar "Mentally" da Matsalar Fassara Ta Zuwa Hausa

A wannan sashe za a duba ma'anar kalmar "mentally" da kuma yadda masu fassara kan yi da ita. Wannan kalma bayanau ce a nahawun Ingilishi. An gina ta ne daga sifar "mental" da ɗafa-ƙeyar "-ly", ita kuwa sifar ta samo asali daga kalmar Latin "mens", wato hankali.

Idan aka lura, kalmar tana yin aiki iri biyu. Na farko, takan zo tare da aikatau don ta nuna cewa a cikin kai aka yi aikin, ba da baki ko da alƙalami ba. Na biyu, takan zo kafin sifa don ta taƙaita ta ga ɓangaren hankali, saɓanin na jiki. Dubi waɗannan misalai:

1. He added the figures mentally. Ya yi lissafin da ka.
2. She repeated it mentally. Ta maimaita shi a zuci.
3. He is mentally prepared. Ya shirya wa abin a ransa.
4. He is mentally ill. Yana da taɓin hankali.

Misalan nan sun nuna cewa Hausa ba ta da bayanau guda da zai ɗauki nauyin wannan kalma. A maimakon haka, Bahaushe ya rarraba aikin tsakanin kai da zuciya da rai da hankali, kuma kowanne da muhallinsa. Saboda haka, kuskure ne abin da wasu masu fassarar labarai suke yi na liƙa mata "ta ƙwaƙwalwa" a duk inda suka ci karo da ita. Jumla irin "Ya shirya ta ƙwaƙwalwa" kalmominta na Hausa ne, amma tunanin da ke cikinta na Ingilishi ne, kuma mai sauraro zai iya ɗauka cewa mutumin ba shi da lafiya.

Bugu da ƙari, akwai kuskuren da ya fi wannan illa, wato fassara misali na 4 da "mahaukaci ne". Jumlar Ingilishin ta haɗa har da mai fama da ciwon damuwa wanda yake sana'arsa yana riƙe da iyalinsa. Ita kuwa kalmar "mahaukaci" tana kawo wa Bahaushe hoton mai yawo a bola, kuma wanda aka kira da ita yana iya rasa aure ko aiki. Ita kanta hukuma ta sauya harshe a kan wannan batu, domin a shekarar 2023 aka sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin Dokar Mahaukata ta 1958.

A taƙaice, wajibi ne mai fassara ya fara tantance aikin da kalmar take yi a cikin jumla, sannan ya zaɓi abin da Bahaushe kan faɗa a irin wannan muhalli.